Kular da Take Dawowa a Wanke

Bayan rasuwar Dada, mata da yawa cikin waɗanda suka zo mana gaisuwa a unguwarmu ta Catford, nan ƙasar Turawa, sun ja ni gefe, sun rage murya, sun tambaye ni yadda gidan kula da tsofaffi yake. Wata uwarta ce ta fara mantuwa, wata uban mijinta. Duk a ɓoye suke tambayar, suna waiwaye kada a ji su. Na gaji da ba da amsa a tsaye a bakin kicin, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda yake da niyyar zagina don na kai mahaifiyata can, ya daure ya karanta zuwa ƙarshe, sai ya zage ni da hujja.

Dada mahaifiyata ce, Bafulatanar Dukku, doguwa, siririya, marar yawan magana. Bayan rasuwar mahaifina, Baffa, muka ɗauko ta daga gida, tun takardun shigowa ƙasar nan ba su yi tsauri irin na yanzu ba, ta zauna da mu shekara da shekaru. Farkon zuwanta ko ruwa ba ta sha a gaban maigidana, Habibu. Idan ya shigo falo tana cin abinci, sai ta tura kwanon ƙarƙashin kujera ta ja mayafi. Suruki ne, kuma haka aka yi mata tarbiyya. Amma flat, ɗan sashen bene mai ɗaki biyu, ba ya ɗaukar irin wannan kunya, ga Habibu da naci da barkwanci. Shi maraya ne tun yana ƙarami, ya ce tunda Allah ya ba shi uwa ba zai yarda ta riƙa ɓuyar masa ba. Da tsire, da kilishi, da tsokana ya shawo kanta a hankali, har ta kai suna cin gyaɗa a faranti ɗaya suna gardamar ko dankalin Turawa abinci ne. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Direba take ce masa, saboda bas yake tuƙawa. Dukanmu mun manta an taɓa yin lokacin da ba haka abin yake ba.

Mantuwar ta fara da ƙananan abubuwa. Ta zuba gishiri a miya ta sake zubawa, ta idar da la'asar ta sake tayarwa, a tsinci carbinta a cikin firij. Muna dariya muna cewa gigin tsufa ne. Dariyar ta tsaya ranar da ta ɗora butar lantarki a kan gas ta kunna, hayaƙin roba ya cika bene har maƙwabciyarmu ta buga ƙofa. Ba a daɗe ba aka tsince ta a wurin tsayawar bas, da silifas, cikin sanyin hunturu, wai za ta kasuwa ta kai nono.

Daga likitan unguwa aka tura mu asibitin masu mantuwa, muka yi watanni muna jiran a kira mu. Likitan da ya gan ta dattijo ne mai sanyin murya. Ya sa ta zana agogo, ta zana wani abu mai kama da faifai. Ya kira sunan cutar, dementia, sannan ya faɗi wata magana da ta zauna mini a kai.

"Abin da ta koya daga baya shi zai fara tafiya," in ji shi. "Abin da ta koya tana yarinya shi zai daɗe."

Na gyaɗa kai. A zatona ɗan Turancin da ta tsinta yake nufi, kuma lallai shi ya fara tafiya.

Shawara kuwa mun sha ta. Yayana Umaru, da ke Gombe, kullum sai ya turo saƙon murya mai tsawon huɗuba. A ba ta habbatus sauda, a shafa mata man zaitun a ka, a nemi wanda zai yi mata ruƙiyya. Duk mun yi, don babu wanda ke ƙin addu'a. Daga ƙarshe ya ce a mayar da ita gida. Na tambaye shi wa zai riƙe ta, tunda matarsa na aiki shi ma yana yawon aiki, kuma Dada ta daina gane hotonsa. Ya ce Allah zai kawo yadda za a yi. Na san da ƙauna yake magana, amma daga nesa jinya tana da sauƙi.

Ni a kicin ɗin wata makarantar firamare nake aiki. Council, wato ƙaramar hukumar yankinmu, sun turo masu zuwa gida su kula da ita safe da yamma, mutanen kirki, sai dai kafin su cire riga lokacinsu ya ƙare. Ranar da ta faɗo a matakala ta fasa goshi, na zauna a ƙasa kusa da ita na san cewa ƙarfina ya ƙare. Gidan da aka samu gurbi yana Dagenham, can ƙetaren kogi, tafiya mai nisa daga wurinmu. Council suka ɗauki mafi yawan kuɗin, mu muka riƙa cikawa, kuma cikon ma ya ji mana.

Kafin mu yarda na je na duba gidan kamar mai sayensa. Ƙofa ba ta buɗuwa sai da lambobi. A bakin shiga an rataye takardar hukumar da ke duba irin waɗannan gidaje, an ba su shaidar suna da kyau. Na shinshina ɗakuna, na taka ƙasan banɗaki in ji ko da santsi, na ja igiyar kiran taimako in ga ko wani zai zo, kuma an zo. Na ce mace kawai za ta yi mata wanka, suka yarda. Na ce nama sai na halal, suka ce ba kullum suke samu ba, amma an yarda iyali su kawo abinci. Na fito ina jin na yi tambayar duniya. Ban tambayi inda za ta zauna ta ci ba, da kuma a gaban wa.

Habibu ne ya warware maganar abincin. Garejin bas ɗinsu yana can gabas, kusa da gidan, kuma yana da hutu mai tsawo da tsakar rana.

"Ke ki dafa da safe, ni in kai," ya ce. "Kina ciyar da 'ya'yan mutane da rana, ni in ciyar da tawa uwar. An yi raba daidai."

Muka sayi kular abinci guda biyu. Ya kai ɗaya yau, ya karɓo ta jiya. Na yi masa godiya har ya ce in bari kada in sa shi kuka a gaban yaranmu, su Yusra.

Makon farko hankalina a kwance yake fiye da yadda na zata. Kullum da yamma kula tana dawowa tas, a wanke, an goge har murfin. Tuwon shinkafa, dambu, faten wake, duk abin da na zuba ba ya dawowa.

"Ta ci a gabanka?" na tambaye shi wata rana.

"Ta ce bai huce ba, sai an jima. Na zauna na yi mata hira har hutuna ya ƙare. Amma ai kina ganin kula."

Ina ganin kula kuwa. Har ƙara yawan abincin na yi.

Ni ranar Asabar kawai nake iya zuwa, kuma tare muke zuwa, shi ke jan motar. Mukan same ta zaune a bakin gado, ta yi lulluɓi har goshi, hannuwa a cinya. Takan gaishe mu da ladabi irin na baƙuwa. Na ɓare mata lemo, ta ce a ajiye. Na miƙa mata ruwa, ta ce alhamdu lillahi, ta sha. Da za mu tafi ta riƙe gefen rigata ta ce a hankali, "Gidan mutanen nan da girma yake." Na ce ƙwarai, na gyara mata filo. Na ɗauka yabo ne.

A mako na uku na ga leɓenta ya tsattsage. Na ɗora laifin a kan na'urar ɗumama ɗaki, na sayo man shafawa. Ta yi shiru fiye da da, tana yawan gyangyaɗi, na ce cutar ce take ci gaba. Wanda bai san suturarmu ba ba zai gane yadda take ɓoye jiki ba. Doguwar riga, zane, ga hijabi a sama. Mutum zai iya ƙarewa a ciki ana yi masa kallon lafiyayye.

Awarwaronta ne ya tona. Tana da wani na azurfa da ba ta cirewa, wanda a da yake tsayawa a wuyan hannu. Wata Asabar ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi, na ga ya zame ya wuce gwiwar hannu. Na fita na tare wata ma'aikaciya a baranda. Sabuwar fuska ce, domin kusan kowane zuwa sababbin fuskoki nake gani, masu aikin wucin gadi da ake turowa su cike gurbi. Ta duba 'yar na'urar da ke hannunta, ta yi murmushi, ta ce babu damuwa. Wai ba ta cika cin na safe da na yamma ba, amma an rubuta cewa iyali suna kawo mata abinci daga gida. Na ce haka ne, muna kawowa. Na koma na zauna, zuciyata ba ta yarda ba, amma ba ni da abin da zan kama.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo, ina tsaye ina raba wa yara taliya, aka kira ni daga ofis. Dada ta ƙi farkawa sosai tun safe, an kira motar asibiti. Ban ko cire hular aiki ba na kama hanya.

Na same ta a kan gadon turawa a barandar sashen gaggawa, a layi da wasu tsofaffi, kowa da nasa mai jinya a tsaye yana raba ido. Tun hantsi take nan, har la'asar ta wuce muna jira. Ba na zargin nas-nas ɗin, don da gudu suke aiki, ban ga wadda ta zauna ba. Amma tsohuwar da ba ta san inda take ba, a ajiye ta a hanya ana wucewa ta kanta, abu ne da har yanzu yake ci mini rai. Da aka shigar da mu, wata matashiyar likita ta tsunkuli fatar bayan hannun Dada ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye, ba ta koma ba.

"Babu ruwa a jikinta," ta ce. "Ga ciwon fitsari, kuma ƙodarta ta fara wahala. Yaushe rabonta da cin abinci sosai?"

"Jiya," na ce da ƙarfin gwiwa. "Ni na dafa."

Likitar ta dube ni, ba ta yi gardama ba. Ta ce in taimaka a sauya mata riga. Da muka cire doguwar rigar na ga haƙarƙarin mahaifiyata ɗaya bayan ɗaya, na ga ƙashin ƙugunta. Ni da nake ciyar da yara ɗaki guda kowace rana, uwata ta rame haka ban sani ba. Na juya na kama ƙarfen gado na yi kuka mai sauti, ban damu da wanda ke ji ba.

Aka sa mata ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta. Likitar ta ce in ba ta soma ci da sha da bakinta ba, ruwan jijiya ba zai riƙe ta har abada ba. Kwana biyu tana tsakanin barci da farkawa. Yaya Umaru ya kira ya ce ai ya faɗa, na kashe wayar. Na je gidan na tambayi yadda ake yi da kula. Wata ma'aikaciya ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Dokar tsabta ta hana a bar dafaffen abinci ya daɗe a ɗaki, don haka idan sun zo sun tarar ba a ci ba, sai su zubar. Wankewar kuwa kirki ne kawai, don kada su ba mu kwano da datti. Su suna ganin mun ba ta ta ci wani abu kafin a rufe, mu muna ganin ta cinye bayan an tafi. Na gane yadda aka yi ta rame, amma ban gane dalilin da ya sa ba ta ci ba.

Rana ta uku ta buɗe ido sosai. Na dama kunun gyaɗa na kawo. An ja labule an zagaye gadon, daga ni sai ita. Na miƙa mata kofi ina shirin lallashi, sai ta karɓa da hannu biyu ta kafa kai. Ina jin kunun yana wucewa a maƙogwaronta. Ta shanye ta miƙo kofin, na ƙara mata. Tana cikin na biyu Habibu ya yi sallama ya ɗaga labule, fuskarsa cike da murna.

"Dada, yau kam an ga Direba?"

Kafin ya rufe baki ta cire kofin daga leɓenta, ta tura shi ƙarƙashin bargo, ta jawo mayafi ta sunkuyar da kai. Kunu yana zuba a zanen gado ba ta kula ba.

"Sannu da zuwa," ta ce da 'yar ƙaramar murya, idonta a ƙasa. "An zo lafiya?"

"Dada, ki sha abinki mana," ya ce.

"Alhamdu lillahi. Na ƙoshi."

Na dube shi, ya dube ni. Wannan tura kwanon da jan mayafin mun san su, mun gan su a falonmu shekarun baya. Maganar dattijon likitan nan ta dawo mini. Gyaɗar da suka ci a faranti ɗaya ta tafi, sunan Direba ya tafi. Abin da ya rage shi ne yarinyar da aka koya wa cewa ba a buɗe baki a ci abinci a gaban suruki, ko a gaban maza, ko a gidan mutane daga tayi ɗaya.

Habibu ya saki labulen ya fita. Na bar ta ta ƙarasa kunun, sannan na bi shi. Na same shi zaune a matakalar bene, da rigar aikinsa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Rabi, kullum sai na buɗe mata kular da hannuna," ya ce. "In zauna a gabanta in yi ta surutu. Ƙamshi yana dukanta, tana jin yunwa, ni kuma na ƙi tashi. Ni na hana ta ci."

"Ba kai ba ne, Abban Yusra. Ciwo ne."

"Da na yi zamana a ɗakin cin abincin gareji, da ta ci."

Akwai gaskiya a maganarsa. Na zauna kusa da shi a matakalar har ya share fuskarsa.

Asibiti suka sanar da council, aka kira zama da shugabar gidan da wata jami'ar kula da jin daɗin jama'a. Na tafi da faɗa a bakina. Shugabar Baturiya ce mai furfura, da alamar gajiya a idonta. Ta ce horon da ake ba ma'aikatansu shi ne idan mutum ya ce a'a, a girmama a'arsa, ba a yi wa kowa ɗura. Na ce wannan doka ce mai kyau, amma a wurinmu baƙo mai mutunci ba ya amsa tayin farko. Na tambaye ta inda ake zaunar da Dada safe da yamma. Ta ce a ɗakin cin abinci, tare da kowa, don kada ta yi kaɗaici. A teburinta akwai tsofaffi maza biyu, kuma sau da yawa namiji ne ke raba abincin. Na yi mata bayani, ta dafe goshi.

Wannan na yafe musu, don ba su sani ba, kuma mu da muka sani ba mu tuna ba. Abin da ban yafe ba na faɗa mata a fuska. Mace ta yi makonni ana zubar da abincinta, babu wanda ya ɗaga waya ya gaya mana. Awon nauyin da ya kamata a yi mata an tsallake shi, saboda wadda ke yi ta bar aiki. Kowa ya ga guntun abin a ranar aikinsa, babu wanda ya zauna ya haɗa. Ba ta kare kanta ba. Ta ce sun gaza, ta ba da haƙuri, kuma abin da ta yi alkawari ta cika.

Mun yi tunanin sauya gida, amma sabon wuri yana nufin sababbin mutanen da ba su san ta ba. Muka mayar da ita can bisa sharaɗi. A ɗakinta za ta ci, ƙofa a saye. Mace ce za ta kawo, ta yi tayi ta sake yi, sannan ta zauna a gefe ta ɗauke kai. Za a auna ta kowane mako a gaya mini. Kula kuma ta dawo yadda take, ko an ci ko ba a ci ba. Aka ba ta ma'aikaciya tsayayya, wata 'yar Jamaika mai suna Marcia, wadda ta koyi cewa bismilla, kuma ta gano da kanta cewa Dada ta fi sakin jiki idan ita ma ta riƙe kofin shayi tana kurɓa. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ranar farko da kula ta dawo da guntun tuwo manne a gindinta da shatin yatsu, na daɗe ina kallonta kafin in wanke.

Ku da kuke tambayata a ɓoye, ga abin da zan ce. Takardar bakin ƙofa ba ƙarya ba ce, amma ba ta san uwarku ba. Ku je lokacin cin abinci ku gani da idonku. Ku kama damtsenta ta cikin riga. Ku gaya musu yadda take tana budurwa, domin can za ta koma.

Habibu bai daina zuwa ba. Na ce ya huta, ni zan nemi wata hanya, ya ce ina. Kullum da tsakar rana yakan miƙa wa Marcia kula, ya jawo kujera ya zauna a baranda, bayansa ga ƙofar. Sai an fito da kwano yake yin sallama ya shiga, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa kai a sunkuye. Babu tsokana, babu hira. Na san abin yana yi masa ciwo, don uwar da ya samu da wahala ta koma ba ta san shi ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Dada ta murmure, awarwaro ya dawo kusa da inda yake, ta ƙara fiye da shekara kafin ciwon huhu ya ɗauke ta cikin sauƙi, ina riƙe da hannunta. Allah ya yi mata rahama, ya sa can ta fi nan.

Akwai wata rana a cikin hutun makaranta, watanni kaɗan kafin rasuwarta, da na samu zuwa da rana. Ni na shigar mata da abincin, shinkafa da miyar kaza, Habibu yana kujerarsa a waje. A lokacin ni ma ta daina sanina, takan ɗauke ni wata ƙanwarta. Ta ci sosai. Da ta kusa gamawa ta tsame cinyar kazar, wadda tun farko ta ture gefe ba ta taɓa ba, ta ɗora a murfin kula. Ta leƙa wajen ƙofa, ta matso kusa da kunnena.

"Surukin gidan nan ne a waje," ta ce. "Kullum yana nan zaune, ban ga an ba shi komai ba. Kai masa. Kada ki ce ni na bayar."

Na fita da murfin na miƙa masa. Ban faɗi wanda ya bayar ba, shi ma bai tambaya ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya fuskarsa bango, ya ce bismilla.